Tony Rickardsson da Sauyin Tsarin Gasar Sifidwe ta Duniya

Sifidwe tseren babura ne da ake yi a zagayayyen fili mai ɓarɓashin ƙasa. Mahaya huɗu ke karawa a zagaye huɗu, bisa babura marasa birki, masu giya ɗaya tak. Don haka gwaninta tana ga iya zamar da ƙafar baya a kwana ba tare da an rage gudu sosai ba.

An haifi Tony Rickardsson a garin Avesta na ƙasar Suwidin a 1970. Ya fara jan hankali a 1991, lokacin da ya zo na biyu a gasar duniya a Gothenburg. A 1994 ya ɗauki kambin a Vojens ta Danmak.

Muhimmancin wannan nasara shi ne, ita ce ta ƙarshe a tsohon tsari, inda dare ɗaya ke fitar da zakara. Daga 1995 aka koma tara maki a jerin gasanni cikin shekara. Tsohon tsarin yana iya fifita mai sa'ar yini, sabon kuwa sai mai ɗorewa da kyakkyawan shirin injuna.

Rickardsson ya sake yin zarra a 1998, 1999, 2001, 2002 da 2005, ya kamo Ivan Mauger na New Zealand da kambi shida. Ya yi ritaya a 2006, bayan ya zama zakara a tsarukan biyu.