Tafiyar Farko Zuwa Bakin Teku: Shiri Yana Farawa Daga Rumbu



A zagayen da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasar Bune bayan an gama ɗaurin gero, wani dattijo ya tsayar da mu da tambaya. Ɗansa ya shekara shida yana aiki a Kotonu. Bana ya aiko da kuɗin mota, ya ce iyayensa su je su huta, su ga jikokinsu, su kuma ga teku. Dattijon ya ce: "Malam, ni ban taɓa wuce Damagaram ba. Ruwan da na sani shi ne na rijiya da na tabki. Ta ina zan fara?" Muka ce masa: "Baba, ta rumbu za ka fara." Aji ya kwashe da dariya, amma ba wasa muke yi ba. Ga bayanin da muka yi masa, domin duk mai irin wannan niyya ya amfana.

Hanyar da nisanta

Zuwa kudu ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun zamanin sarautar Muniyo, fatake suna ɗaukar kanwar ƙasarmu bisa jakai da raƙuma zuwa Kano, daga can ta gangara har bakin teku. Su watanni suke yi a hanya. Mu kwana uku ko huɗu ne a mota.

Hanya biyu ce. Ta farko: daga Gure zuwa Damagaram, Maraɗi, Ƙonni, Doso da Gaya, a ƙetare kogin Isa zuwa Malanbil, a bi ta Paraku har Kotonu. Wannan wajen kilomita 1,800 ne. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, matafiya da yawa suka koma ƙetare kogi cikin kwalekwale. Saboda haka a tambayi halin da iyakar take ciki a tashar mota kafin a biya kuɗi. In kwalekwale za a shiga, kada a shiga wanda aka cika maƙil, kada kuma a ƙetare da dare.

Ta biyu: daga Damagaram zuwa Kano, daga Kano zuwa Legas, wajen kilomita 1,000, sannan Badagiri da iyakar Seme. An sake buɗe iyakarmu da Nijeriya a watan Maris 2024. Mai bin wannan hanya yana bukatar naira. A Benin da Togo kuwa sefa ake kashewa kamar a gida. Kowace aka zaɓa, tafiyar rana ta fi ta dare.

Yaushe ya kamata a tashi?

A nan Gure ruwan saman shekara bai cika wuce milimita 300 ba. A Kotonu yana kai wa wajen 1,300, kuma damina biyu suke yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Lokacin da ya fi dacewa da mu shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, can ma ruwa ya ɗauke. A dawo kafin sharar gona.

Sai dai wannan shi ne lokacin aikin lambu a kwari. Wanda ya shuka albasa, ko kabeji, ko yake da rogo da rake, kada ya tashi sai ya sami wanda zai yi masa ban ruwa. A daidaita a gaban shaidu: kwana nawa, lada nawa. A rubuta a takarda.

Lissafin rumbu

Wannan shi ne ginshiƙin maganar. Hutun da zai jawo yunwa a watan Yuli ba hutu ba ne. Kowa ya ɗauko littafinsa da alƙalami. Misali, gidan da ke cin tiya 2 kullum: daga Disamba zuwa sabon gero wata 10 ne, wato kwana 300. Kwana 300 sau tiya 2 ya tashi tiya 600. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40, saboda haka gidan yana bukatar buhu 15. A ware wannan. A ware iri. Abin da ya yi saura shi ne za a iya sayarwa.

Mu tuna da abu uku:

1. Hatsi yana araha a kaka, yana tsada a damina. Wanda ya sayar da buhu yanzu don kuɗin mota, zai sake sayensa da tsada.
2. Kada a sayar da uwar garke ko sān noma. In dole ne, a sayar da rago ko bunsuru.
3. Kada a ci bashi don yawon buɗe ido. Gara a shiga adashi, a ɗaga tafiyar zuwa baɗi.

Wake a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun nan mai ruɓi uku, a ɗaure kowane ruɓi daban don kada ƙwari su ci. Harawa da karmami a ɗora su bisa rumfa. In ma'aikatan dabbobi za su zo allura bayan an tafi, a sanar da mai kiwo.

A rubuta kuɗin tafiya kashi biyar: mota zuwa da dawowa, abinci, masauki, tsaraba, da na ko-ta-kwana. Kuɗin dawowa a ɓoye su daban, kada a taɓa. Kada a riƙe dukan kuɗi a aljihu guda. Ana iya aika wani kashi ta kamfanin aika kuɗi, a karɓa a can.

Takardu da allura

Kowane baligi ya riƙe katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba. Yara a riƙe musu takardar haihuwa. Ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025, don haka a tambayi ofishin ƴan sanda irin takardar da ake nema a iyaka kafin ranar tafiya.

Takarda ta biyu ita ce katin rigakafin shawara, mai launin ɗorawa. Shawara mugun zazzaɓi ne da sauro ke yaɗawa, yana sa ido ya yi rawaya, yana kisa. Allura guda tana kare mutum iya rayuwarsa, kuma tun 2016 katin ba ya mutuwa. Amma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki. Ana yi wa yaro daga wata 9. Mace mai ciki da tsoho mai rauni su nemi shawarar likita tukuna. Kada a sayi kati ba tare da allura ba. Ana iya ruɗin ma'aikacin iyaka, amma ba a ruɗin sauro.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganin da zai ishe shi har ya dawo.

Lafiya a masauki

A wajenmu zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa da damina. A bakin teku kuwa babu watan da ba a yin sa. A tafi da gidan sauro mai magani, a kwana cikinsa ko da ana zafi. Wanda jikinsa ya yi zafi, a can ko bayan dawowa, a kai shi gidan likita a ranar, a auna jininsa.

A sha ruwan famfo mai tsabta, ko wanda aka tafasa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Kifi da kaguwa da jatan lande a ci su da zafinsu, sun dahu sosai. In zawo ya kama mutum, a dama ƙunshin ruwan gishiri da sukari cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa sha kaɗan-kaɗan, a nufi asibiti.

A Kotonu, Lome da Legas duka akwai unguwannin Hausawa: Zango a Kotonu da Lome, Agege a Legas. Baƙo makahon gari ne. A rubuta sunan unguwa da lambar wayar mai masauki, kowa ya sa a aljihu, har da yara. Ƴan kabu-kabun Kotonu, da ake kira zemijan, ana gane su da riga rawaya. A daidaita kuɗi kafin a hau, a sa hular kwano.

Teku ba tabki ba ne

A nan muke roƙo a saurara da kyau. Ruwan tabki kwance yake. Na teku yana tafiya, yana kuma ja. Sau biyu a yini da dare yana cikowa, sau biyu yana janyewa, wajen awa shida-shida, saboda jan da wata ke yi masa. Inda aka shimfiɗa tabarma da hantsi, ruwa yana iya rufe shi da azahar.

Gaɓar Kotonu da Lome da Legas tana da igiyar ruwa mai ƙarfi. Igiya tana zuwa ta doki ƙafa, in za ta koma sai ta kwashe yashin da mutum ke tsaye a kai. Akwai kuma wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu kamar ƙorama. Sau da yawa wurin yana kama da mai lafiya, domin igiya ba ta fashewa a nan. Shi ne mafi haɗari. Saboda haka:

1. Wanda bai iya ruwa ba, kada ruwa ya wuce masa idon sawu.
2. Kada a juya wa teku baya, ko da don ɗaukar hoto.
3. Yaro yana riƙe a hannun babba kullum.
4. Kada a shiga da babbar riga ko zane mai nauyi. In sun jiƙe suna jan mutum ƙasa.
5. In ruwa ya ja wani, kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi. A yi kururuwa, a kira masunta, a jefa masa igiya ko jarka marar komai da murfinta.
6. Wanda ya iya ruwa, in aka ja shi, kada ya yi kokawa da ruwan. Ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga inda ke jan, sannan ya nufo tudu.

Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Iya ruwan tabkin damina ba ya fidda kai a teku.

Ruwan teku ba a shan sa. Kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, kuma shan sa ƙara ƙishirwa yake yi. Amma malamai sun tabbatar ana alwala da shi. A je gaɓa da safe ko da la'asar, a zauna inuwar kwakwa, a kula kada a zauna daidai ƙarƙashin ƴaƴanta.

Abin da za a gani

Akwai gaɓar Fijirose a Kotonu, inda iyalai ke shan iska. Akwai tashar jiragen ruwa. Akwai Ganbiye, garin da aka gina bisa turaku a tsakiyar tabkin Nokuwe, inda ake cin kasuwa cikin kwalekwale. Akwai Wida, wajen kilomita 40 yamma da Kotonu, inda aka riƙa loda bayi zuwa Amurka. A 1995 aka gina wata babbar ƙofa a gaɓar don tunawa da su. Manomi kuma ya buɗe ido ya ga yadda masu lambu ke noman kayan miya cikin yashin bakin teku da taki da ban ruwa. Yashi dai muna da shi.

Dattijon da ya yi tambaya ya koma gida ya yi lissafin rumbunsa da hannunsa. Ya tarar gero zai kai shi, amma babu mai yi masa ban ruwan albasa sai ƙarshen Janairu. Ya rubuta wa ɗansa wasiƙa da kansa, ya ɗaga tafiyar da wata guda, ya je aka yi masa allura shi da mai ɗakinsa.

Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan shafi tare da ɗalibai, kowa ya yi lissafin rumbun gidansa a kan allo. Masu tafiya, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.