Ko Ka San Na'urar da Ke Tatso Ɗumi Daga Iska Mai Ƙanƙara?

Ko ka san cewa a ƙasar Norwe, inda dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙasa wata da watanni, inda a can arewacinta rana kan yi makonni ba ta leƙo ba, kusan gida shida cikin kowane goma da iskar waje suke ɗumama ɗakunansu? Iskar nan dai mai tsaga leɓe, wadda in ka bar ruwa a bokiti a cikinta, kafin gari ya waye ya zama dutse. Ita ake tatsa a samu ɗumin da yara za su yi barci a cikinsa. Hukumar Makamashi ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2022, ta sa Norwe a kan gaba da kimanin kashi 60 cikin ɗari, maƙwabtanta Suwidin da Finlan kuwa kowacce ta haura kashi 40. Na'urar da ke wannan aiki ita ce famfon zafi, kuma 'yar'uwarta uwa ɗaya uba ɗaya tana nan a gidaje da shaguna a Kano da Maraɗi, ita ce firji.

Ka kai hannunka bayan firjin da ke aiki, wurin baƙaƙen ƙarafan nan da aka lanƙwasa, ko gefen jikinsa in na zamani ne, za ka ji ɗumi. Ɗumin nan yawancinsa daga cikin firjin ya fito, inda aka ajiye zoɓo da ruwan leda da nama. Firji ba ya ƙera sanyi. Zafin da ke jikin abin da ka sa masa yake zarewa ya fitar waje. Haka na'urar sanyaya ɗaki take: akwatin nan da ake maƙalawa a bayan gini, wanda ke feso wa mai wucewa iska mai zafi a fuska, zafin cikin ɗaki yake zubarwa a titi. To, ka juya na'urar, ɓangaren da ke sanyi ya koma waje, ɓangaren da ke feso zafi ya dawo cikin ɗaki. Ka sami famfon zafi ke nan. Da yawa daga cikinsu ma ba a juya su da hannu, akwai wani bawul a ciki da ke sauya wa gas hanya, sai na'ura guda ta sanyaya ɗaki da bazara, ta ɗumama shi da hunturu.

Abu biyu ne asirin aikin, kuma kowa ya taɓa ganinsu. Na farko, duk ruwan da zai zama tururi sai ya sha zafi daga abin da ke kusa da shi. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi, domin wanda ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa yana tafiya da zafin na ciki. Shi ya sa kuma kake jin sanyi a damtse idan ma'aikacin asibiti ya goga maka sifirit kafin ya yi maka allura. Na biyu, duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Wanda ya taɓa buga wa keke iska ya san yadda gindin famfon ke ɗaukar ɗumi.

A cikin bututun famfon zafi akwai wani ruwa, shi ne wanda masu gyaran firji ke kira gas, wanda suke cewa ya ƙare idan firji ya daina sanyi. Ruwan sha sai ya kai digiri 100 yake tafasa a bakin teku. Wannan kuwa yana tafasa cikin sanyin da ɗan Adam ba zai iya tsayawa a cikinsa ba. Wani da ake yawan amfani da shi, mai lamba R32, yana tafasa a wajen digiri 52 ƙasa da sifili idan ba a matse shi ba, wani kuma mai lamba R290 a digiri 42 ƙasa da sifili. Saboda haka idan sanyin waje ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, a wurin wannan ruwa iskar mai ɗumi ce. Fanka ta jawo iskar ta bi ta kan bututu, ruwan ya sha ɗan zafin da ke cikinta ya zama tururi. Sai kwamfiresa ta matse tururin ya yi zafi sosai, har ya fi ƙarfin taɓawa. Daga nan ya shiga ɓangaren da ke cikin gida ya sauke zafinsa a iskar ɗaki ko a ruwan da ke zagaya gidan, ya koma ruwa, ya ratsa ta wata 'yar siririyar ƙofa inda matsin ke sauka, ya huce ƙwarai, ya sake fita waje ɗauko wani. Haka yake ta kai da komo dare da rana.

Mai karatu zai iya tambaya, wane zafi ne a iskar da ke daskarar da ruwa? Amsar ita ce sifilin da muke gani a ma'auni ba shi ne ƙarshen zafi ba, wurin daskarewar ruwa ne kawai. Zafi ba ya ƙarewa ƙaf sai an sauka digiri 273 ƙasa da sifili. Iskar da take digiri 10 ƙasa da sifili tana da sauran tazarar digiri 263 kafin ta zama fanko.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Hitar lantarki, irin mai jan ƙarfen nan, in ta ci yunit ɗaya na wuta, yunit ɗaya na zafi za ta ba ka, ba ƙari, domin wutar take mayarwa zafi. Tukunyar gas ta zamani da ake ɗumama gidaje da ita a Turai kan ba da kimanin kashi 90 cikin ɗari na abin da ta ƙona. Famfon zafi kuwa in ya ci yunit ɗaya, yakan shigo da yunit uku ko huɗu. Ba sihiri ba ne, kuma bai karya wata ƙa'ida ta kimiyya ba. Kamar ɗan garuwa yake: ba shi ya yi ruwan ba, ladan ɗaukowa kawai kake biya. Wutar da na'urar ke ci ta juya kwamfiresa da fanka ce, zafin kuwa kyauta yake a waje. A ƙasashen Tarayyar Turai, inda ɗumama ɗakuna kaɗai ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na makamashin da gida ke amfani da shi, wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga aljihun mai iyali.

Dabarar ta tsufa. A 1852 masanin Birtaniya William Thomson, wanda daga baya aka san shi da Lord Kelvin, ya bayyana cewa za a iya ɗumama gini ta wannan hanya. 'Yan shekaru bayan haka wani injiniyan Ostiriya, Peter von Rittinger, ya haɗa na'ura mai wannan dabara a ma'aikatar gishiri ta garin Ebensee, don a rage itacen da ake ƙonawa wajen ƙafar da ruwan gishiri. Amma wadda ta fi burge ni ita ce ta birnin Zurik na Suwizalan. Ƙasar ba ta da kwal ɗin kirki, sai ta sayo daga waje, ga shi kuma ta ɗanɗana wuyar ƙarancinsa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da take da shi shi ne wutar lantarki daga madatsun ruwa. A 1938 aka sa wa ginin majalisar birnin famfon zafi da ke ɗebo ɗumi daga kogin Limmat, wanda ginin ke tsaye a kansa. Na'urar ta yi aiki fiye da shekara 60.

Ƙasashen arewacin Turai sun fara waiwayar na'urar da gaske bayan tashin farashin man fetur na 1973. Sauran Turai kuwa sai da wuya ta yi wuya. Da Rasha ta afka wa Yukren a 2022, farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, a wannan shekarar kaɗai aka sayar da famfon zafi kimanin miliyan 3 a Turai, ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari a kan shekarar da ta gabata. A Amurka ma a 2022 cinikinsa ya zarce na murhun gas na ɗumama gida. Jihar Maine, wadda sanyinta ba na wasa ba ne, ta ɗibar wa kanta wa'adin sa guda 100,000 kafin 2025, ta cika alƙawarin tun a 2023.

Sai dai mai sayar da na'urar ba kullum yake faɗa wa mai saye sauran zancen ba, kuma a ganina sauran zancen ya fi muhimmanci. Ribar famfon zafi ta rataya ne a kan farashin wuta da kuma halin da gidan yake ciki.

Ɗauki Birtaniya, inda mafi yawan gidaje da gas ake ɗumama su, kuma a 'yan shekarun nan yunit ɗin lantarki ya ninka na gas wajen sau huɗu a farashi. Yi lissafin da kanka. Idan famfon yana ba da uku a kan ɗaya, mai gida bai tsira da komai ba, wataƙila ma ya ɗan fi maƙwabcinsa mai tukunyar gas biya. Sai na'urar ta kusa huɗu a kan ɗaya kafin ya fara ganin sauƙi. Ga kuɗin sayenta da na sakawa masu nauyi, abin da ya sa gwamnati ta ɗaga tallafin da take bayarwa a Ingila da Wales zuwa fam 7,500 a 2023. A Norwe labarin daban yake. Kusan duk wutarsu daga ruwa take, gidaje da yawa dama da hitar lantarki suke ɗumama ɗaki, don haka wanda ya sa famfon zafi nan take yake ganin bil ɗinsa ya faɗo. Sun kuma haramta ɗumama gine-gine da man fetur daga 2020. A Jamus kuwa, da gwamnati ta kawo dokar da za ta karkata mutane zuwa irin waɗannan na'urori a 2023, sai da aka yi watanni ana cacar baki, domin masu tsofaffin gidaje sun ji tsoron kuɗin da za su kashe. Tsoronsu yana da dalili.

Dalilin shi ne famfon zafi ba ya son tazara mai yawa. Gwargwadon nisan da ke tsakanin sanyin waje da zafin da ake nema a ciki, gwargwadon wahalar kwamfiresa da wutar da za ta ci. Tukunyar gas kan tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70 cikin ƙarafan ɗumama ɗaki, waɗanda suke aiki irin na lagireton mota. Famfon zafi ya fi jin daɗi a digiri 35 zuwa 45. Ruwa mai wannan ɗumi yana iya wadatar da gida, amma sai ƙarafan sun fi girma, ko a shimfiɗa bututu a ƙarƙashin daɓe, kuma sai gidan yana riƙe abin da aka ba shi. Gidan da iska ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa, tagoginsa gilashi ɗaya ne, rufinsa ba a cusa masa komai ba, duk ɗumin da aka shigo da shi zai sulale. Shi ya sa masu sana'ar na gaskiya kan fara da hawa saman silin su duba, su toshe kafofi, su auna kowane ɗaki, kafin su yi zancen na'ura. Akwai kuma sabon hali da mai gida zai koya. Wanda ya saba kunna tukunyar gas ta yi ruri na awa ɗaya ya kashe, dole ya saba da barin famfon yana aiki a hankali tsawon yini, domin a haka ya fi cin wuta kaɗan.

In ka tsaya kusa da akwatin waje da safiyar sanyi mai raɓa, za ka ga wani abu. Farar ƙanƙara na taruwa a kan siraran ƙarafan bayansa har ta fara toshe hanyar iska. Can sai fanka ta tsaya cak. Bawul ɗin nan ya juya, na'urar ta ɗebo ɗan zafi daga cikin gida ta kai waje, ƙanƙarar ta narke tana ɗiga, wani lokaci tururi ya tashi kamar wani abu ya ƙone. Bayan 'yan mintoci ta koma bakin aikinta. Sababbin masu ita da yawa kan ɗauka ta lalace ne. Idan kuma sanyi ya tsananta, ya kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili, ribar kan sauko zuwa wajen biyu a kan ɗaya, wanda duk da haka ya ninka hita. Masu hali a Suwidin kan kauce wa wannan ta hanyar haƙa rami irin na rijiyar burtsatse, mita 100 zuwa 200 cikin dutse, su zura bututu, domin can ƙasa ɗumin ba ya sauyawa sosai rani da damina.

Mu a nan sanyaya ɗaki ya fi damun mu, amma wanda ya kwana a Jos ko Agadas cikin watan Janairu ya san hunturunmu ma yana da haƙora. Yawancin na'urorin sanyaya ɗaki da ke kasuwanninmu sanyi kaɗai suke yi, sai dai akwai masu yin duka biyu, kuma za ka gane su da alamar rana a kan rimot. Wanda yake da irinta, kuma yake da wuta, yana da famfon zafi a bangonsa. Ya fi hita sauƙin kuɗi, ya kuma fi kaskon gawayi aminci nesa ba kusa ba, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

Manyan birane sun kai dabarar inda gida ɗaya ba zai iya ba. A garin Drammen na Norwe, tun 2011 ake zuƙo ruwan teku mai kimanin digiri 8, a tatse ɗuminsa, a tura ruwa mai digiri 90 cikin bututun da ke ratsa gari. A Helsinki, babban birnin Finlan, akwai tashar da aka sassaƙa cikin dutse a ƙarƙashin wani lambu, tana zare ɗumi daga ruwan wanka da wanke-wanke da aka tace kafin a zubar da shi a teku. A unguwar Islington ta Landan kuwa, tun 2020 iska mai zafi da ke fitowa daga ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa ce ke taimakawa wajen ɗumama ɗaruruwan gidaje da wata makarantar firamare.