Daga Ikko Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Awa Biyar Da Rabi

Duk shekara in lokacin aikin Hajji ya gabato, maniyyata mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan sukan yi ta tambaya: shin awa nawa jirgi ke yi kafin ya kai ƙasa mai tsarki?

Tsakanin Ikko da Jidda, in aka miƙe sosai ta sama, akwai nisan kilomita wajen 4,200, wato mil 2,600 ke nan. Manyan jirage suna cin kilomita kamar 850 a awa guda. In an haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan ɗauki awa biyar da rabi ko kusa da haka. Wanda ya tashi daga Kano ya rage hanya, don nisansa bai wuce kilomita 3,400 da 'yan kai ba, awa huɗu da rabi ya isa.

A zamanin da kuwa, mutanen Arewa a ƙasa suke bi, ta Barno da Wadai da Darfur, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya su shiga jirgin ruwa. Wasu sukan yi shekaru suna tafe suna yada zango suna ƙwadago don neman guzuri. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu na nan a Sudan har yau.

Amma fa hanyar sama ita ma takan yi tsawo. A shekarar 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazai suka yi zagaye, awoyi suka ƙaru, kamfanonin jirage kuma suka nemi ƙarin kuɗi.

Abin da ke rikita alhazai da yawa shi ne agogo. Saudiyya tana gaba da Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya bar filin Murtala Muhammed ƙarfe 10 na dare, zai sauka ƙarfe 3 da rabi a agogon Ikko, alhali a Jidda biyar da rabi ta yi, lokacin asuba ke nan. Mai shan magani a kan ƙa'ida, kamar mai ciwon sukari, ya kamata ya tambayi likita tun a gida yadda zai daidaita lokutansa.

Sai batun harami. Wanda zai zarce Makka daga Jidda a cikin jirgi zai ratsa daidai miƙati, jirgi kuwa ba ya tsayawa. Shi ya sa malamai da yawa ke cewa a yi wanka a ɗaura harami tun kafin a hau, in an zo miƙati a yi niyya. Wanda za a fara kaiwa Madina, sai ya bari sai ya zo Zul-Hulaifa.

Allah ya kai lafiya, ya komo da kowa gida lafiya.