Kanta Sarkin Kabi

Muhammadu Kanta ya taimaki Askiya, Sarkin Songai, wajen yaƙin Agadas. Da aka zo rabon ganima, sai aka hana shi rabonsa. Saboda haka, wajen shekara ta 1517, ya yi tawaye. Askiya ya kawo masa yaƙi, amma bai ci nasara ba. Daga nan Kabi ta sami 'yanci.

Kabawa mutanen ruwa ne, masunta. An ce Kanta yana da jirgi lulluɓe da tagulla, wanda yake ratsa gulbi da shi.

Ya gina birnin Surame da ganuwar duwatsu. Kufansa yana nan a Jihar Sakkwato. A Argungu ma akwai gidan tarihi mai sunansa, wanda aka buɗe a 1958. Wanda ya tsare ƙasarsa, ba a mantawa da shi.