Kwaɗi da Hawainiyoyin Tsaunukan Iyakar Nijeriya da Kamaru: Yawan Irinsu da Hanyar Tsare Su

Akwai jerin tsaunuka da suka miƙe a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, tun daga Obudu da Bamenda, har Mambila da Cabbal Wadi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Masanan dabbobi sun daɗe da shaidar cewa wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi yawan irin kwaɗi da hawainiyoyi a Afirka.

Dalilin haka shi ne, kowane dutse tamkar tsibiri yake. Bisansa sanyi ne da raɓa da kurmi, ƙarƙashinsa kuwa zafi. Kwaɗo yana shaƙar iska ta fatarsa, saboda haka in fatar ta bushe sai ya mutu. Watau ke nan wanda ya saba da sanyin wani dutse ba shi da ikon ƙetare kwari ya tafi wani. Da shekaru dubbai suka shuɗe, sai kowane dutse ya sami irin nasa dabam. Alal misali, a tsaunukan Bamenda da Obudu akwai hawainiyar da namijinta ke da ƙaho har huɗu a bisa hanci.

Babban misali shi ne Tafkin Oku na Kamaru, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, wajen mita 2,200 bisa teku. A cikinsa akwai wani ƙaramin kwaɗo da masana suka bayyana a 1991, suka raɗa masa suna Xenopus longipes. Duk duniya ba a samunsa sai a nan. Tafkin ba shi da kifi, kuma wannan ne ya ba kwaɗon damar yaɗuwa. Ran da aka zuba kifi a ciki da niyyar kyautata abincin jama'a, kifin na iya cinye ƙwai da 'ya'yansa, irinsa ya ƙare har abada. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sauran haɗurran sanannu ne: saran kurmi don noma da itacen wuta, da ƙunar daji da rani, da tattake bakin rafi da shanu ke yi. Har ila yau akwai wata cutar fata da aka gano asalinta a ƙarshen shekarun 1990, wadda ta hallaka kwaɗi a nahiyoyi da dama.

An yi yunƙurin tsarewa. A 1987 aka fara aikin kiyaye kurmin Kilum-Ijim tare da mutanen Oku, a 1991 kuma Nijeriya ta kafa gandun dajin Gashaka-Gumti. Amma doka a takarda ba ta hana wuta ci. Wajibi ne ma'aikacin daji ya zauna da sarakuna da manoma da makiyaya, a shata iyakar kiwo da lokacin ƙuna, a bar itatuwan bakin rafi. Ribar ba ta kwaɗi kaɗai ba ce, gama kurmin da ke riƙe musu danshi shi ne ke ajiye ruwan da garuruwan gindin dutse ke sha da rani.