Wa Ya Ce Iska Ta Cika? Zangunan Sadarwa da Ke Zaune Banza a Arewacin Kano

Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a watan Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, magana ɗaya ake maimaitawa a majalisu daga Gezawa har Kunci: kuɗi ya hau, sabis yana nan inda yake. Har yau mai POS a kasuwar ƙauye ɗaga na'urarsa yake sama yana jujjuyawa, mai awon hatsi yana tsaye yana jiran kuɗi su shigo kafin ya saki buhu. Ƙorafin nan gaskiya ne. Abin da ke ci mini rai shi ne amsar da wasu masu ganin sun yi boko suke ba mutane, wai haƙuri za a yi, iska ta cika, zangunan sadarwa sun ƙare saboda jama'a ta yi yawa. A Kantin Kwari da azahar, inda dubban wayoyi ke rububin ƙarfen sabis ɗaya, maganar tana da ƙamshin gaskiya. A Tsanyawa ko Makoɗa ba ta da shi ko kaɗan.

Duk mai sauraron rediyo ya san kowace tasha da zangonta. Idan kana son Freedom, 99.5 za ka murɗa, kuma ba wanda ya isa ya hau wannan mita da tasa tashar. Haka aka yanka iskar gaba ɗaya: wannan yanki na talabijin, wannan na wayar salula, wannan na jiragen sama, wannan na soja. NCC ce ke raba na kamfanonin waya, NBC na gidajen rediyo da talabijin. Kuma kaya ne mai tsada. A gwanjon Janairun 2001, wanda ya kawo mana GSM, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285. A gwanjon Disambar 2021 MTN da Mafab kowanne ya ajiye dala miliyan 273.6 don zangon 5G. Wanda ya duba takardar rabon zai ga kusan kowane taku da mai shi, sai ya ce lallai wuri ya ƙare.

Amma a ce wuri da mai shi daban, a ce mai shi yana ciki daban. A 2002 wani kwamiti na hukumar sadarwar Amurka, FCC, ya fitar da rahoto cewa matsalar ba ƙarancin zango ba ce kawai, yadda ake rabon ne, domin zanguna da yawa suna yin shiru a mafi yawan wurare a mafi yawan lokuta. A nan gida ma masu bincike a Jami'ar Ilorin sun ɗauki na'urar awo sun zaga gari da ƙauye, suka sami abin da aka samu a wasu ƙasashe: da zarar an bar birni, mafi yawan iskar ba kowa a cikinta.

Ɗauki zangon talabijin. Daga megahaz 470 zuwa 694 akwai gurabe 28, kowanne faɗinsa megahaz 8. (Dattawa za su tuna CTV 67 ta zamanin Abubakar Rimi, wadda ta koma ARTV, lambar nan 67 ta gurbinta ce, a lokacin da zangon talabijin ya fi haka faɗi.) A cikin birnin Kano tashoshin gwamnati da su StarTimes da GOtv suna riƙe da wasu guraben. To a Kunci fa? Mai talabijin a can galibi dish ya kafa, daga tauraron ɗan'adam yake kama Arewa24 da ƙwallo. Guraben suna nan a rubuce da sunan talabijin, ba mai watsa komai a cikin mafi yawansu, ba mai kallo. Abin takaicin kuma, wannan ne zangon da ya fi dacewa da ƙauye. Ƙananan mitoci sun fi tafiya nesa, sun fi ratsa ganyen darbejiya da tsamiya da katangar ƙasa. Zangon 5G da aka sayar, na gigahaz 3.5, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, shi ya sa ake buƙatar ƙarafa kusa da kusa, kamfani kuma ba zai kafa su inda kuɗinsa ba zai fito ba.

A 1999 wani injiniya Ba'amurke, Joseph Mitola, da ke bincike a Stockholm ta ƙasar Suwidin, shi da malaminsa Gerald Maguire suka kawo shawarar a ƙera na'urar sadarwa mai lura da abin da ke kewaye da ita, ta sauya zango da kanta gwargwadon hali. Daga nan aka sami fagen bincike guda: na'ura ta kasa kunne tukuna, in ta ji gurbi ba kowa ta shiga ta yi aikinta, in mai lasisi ya dawo ta fice nan take.

Manomin arewacin Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Yankinmu ne masanin nan Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960 saboda yadda gona ke manne da gona, babu saura, babu dajin da ba na kowa ba. Duk da haka shanu suna ci. In an yi girbi, an ɗaure kara, an kwashe harawa, sai a saki gonaki, makiyayi ya shigo da dabbobinsa. Gonar ba ta zama tasa ba, kuma kafin ruwan shuka ya sauka ya san dole ya kaɗa su ya fita. Sharaɗin ɗaya ne: kada a yi ɓarna.

A nan ne wahalar take, kuma a nan ne masu bincike suka kwashe shekaru fiye da ashirin. Ta yaya makiyayi zai tabbatar an gama da gona? Mu da muke haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya mun san amsar ba ta da sauƙi. Yana iya tsayawa a bakin hanya ya hango an yanke gero, ya ce an saki wuri, alhali a can ciki wake yana kwance ba a yi roro ba. Ya kora shanu, an yi ɓarna, sai gaban dagaci. Yana kuma iya hango kara a tsaye ya ɗauka amfani ne, ya wuce da dabbobinsa da yunwa, alhali mai gona ya gama tun makon jiya. Kuskure biyu ke nan, kuma duk wanda ka guje wa, kusantar ɗayan kake. In ka sa na'ura ta cika tsoro, za ta riƙa jin motsi inda babu, ta bar gurabe a banza. In ka sa ta cika ƙarfin hali, za ta hau kan tashar mutane.

Mafi munin kuskuren shi ne na hawa kan tashar mutane. A ce na'urar tana cikin kwari ko bayan wani dutse, siginar tashar talabijin ba ta iso mata sosai, sai ta yanke cewa gurbin ba kowa ta fara watsa nata. Amma can gefe akwai gida mai doguwar eriya da ke kama tashar tar. Hotonsa ya lalace, bai san dalili ba, ita ma na'urar ba ta san ta yi laifi ba. Don gudun haka FCC ta nemi na'urar ta iya jin siginar da ta fi wadda akwatin talabijin ke iya kamawa rauni kusan sau dubu. A wannan matakin siginar ta nutse cikin hayaniyar da kayan lantarkin na'urar ke yi da kansu, hayaniyar kuma tana sauyawa da zafi da sanyi. Masu bincike a Jami'ar Berkeley sun nuna a 2008 cewa akwai iyakar da in sigina ta yi ƙasa da ita, ko shekara na'urar za ta yi tana auna ƙarfinta ba za ta rarrabe ta da hayaniya ba. Mafita ɗaya ita ce na'urori da yawa su saurara daga wurare daban-daban su haɗa abin da suka ji, don da wuya dutse ɗaya ya tare su duka. Ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2011 musamman don karkara, mai lamba 802.22, ta ce dole na'ura ta gane mai gurbi aƙalla sau 90 cikin ɗari, kuma ta bar masa wurin cikin daƙiƙa 2.

Na san inda hankalin wasu zai tafi da jin na'ura mai kasa kunne. Mutanen da aka tsorata a 2020 cewa 5G ke kawo korona za su ce ga kuma abin leƙen asiri. Na'urar nan ba ta jin magana. Abin da take aunawa shi ne ko akwai ƙarfin sigina a gurbi ko babu, ko kuma alamar da ke nuna siginar ta talabijin ce. Ba ta buɗe kira, ba ta karanta saƙo. Kuma ɗan'uwan wannan aiki yana cikin aljihunka tun tuni: duk lokacin da ka kunna WiFi, wayarka sai ta saurara ta ji ba mai watsawa kafin ta aika nata. Mu riƙa tambaya kafin mu tura irin waɗannan saƙonnin tsoratarwa a WhatsApp, domin tsoron da ba shi da tushe yana iya sa gari ya ƙi aikin da zai amfane shi.

Da sauraron ya yi wuya, sai hukumomi suka koma ga abin da kowane makiyayi mai hankali ke yi, wato ya tambayi mai unguwa. FCC ta halatta amfani da guraben talabijin a 2008, a 2010 kuma ta janye wajabcin sauraro ta ce a dogara da rumbun bayanai. Na'ura za ta faɗi inda take ta hanyar GPS, rumbun ya duba taswirar tashoshin da ke kusa ya ce mata ga guraben da aka saki, ga iyakar ƙarfin da za ki yi. Tsarin yana aiki, amma da sharaɗin littafin mai unguwa ya zama daidai. In ba a san takamaiman inda kowace tasha take ba, da tsayin eriyarta da ƙarfinta, rumbun zai ba da izinin ɓarna ko ya hana halal.

Afirka ta gwada. A 2013 an haɗa makarantu da asibiti a yankin Nanyuki na Kenya da wannan fasaha, da wutar sola, a aikin Mawingu da Microsoft ta tallafa wa. A shekarar dai aka haɗa makarantu goma a Cape Town da tallafin Google, ba a kuma sami ƙorafin katsalandan daga gidajen talabijin ba. Afirka ta Kudu ta kafa dokarta a 2018. Mu kuma NCC ta fitar da daftarin ƙa'idojin amfani da guraben talabijin a zamanin Farfesa Umar Garba Ɗambatta, wanda ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2023, ɗan wannan yanki ne kuma malamin Jami'ar Bayero. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, shekarar ta zo muna wajen kashi 50, ragowar rabin kuma mun san inda suke zaune. Sauya talabijin zuwa dijital, wanda ke cusa tashoshi da yawa cikin gurbi ɗaya ya saki sauran, wa'adin da ƙasashen yankinmu suka amince da shi Yunin 2015 ne. Mun fara gwaji a Jos a 2016, ba a ƙaddamar a Kano ba sai ƙarshen 2021. Duk jinkirin da aka yi a wannan, ƙauye ne ya biya.

Kada kuma a ɗauka wannan intanet ce ta kyauta. Wayar hannunka ba ta kama zangon talabijin. Sai an kafa babbar na'ura a inda igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa ta iso, a ce Bichi ko Ɗambatta, ta harba zuwa ƙaramar eriya a kan rufin makaranta ko asibiti mai nisan kilomita 10 ko fiye, daga nan a raba ta WiFi. Gurbi ɗaya 'yan gomomin megabit yake ɗauka, kuma rabawa za a yi. Bai isa gari ya kalli fim ba, amma ya isa ɗaliban sakandare su koyi jarabawar JAMB a kwamfuta kafin ranar ta zo, ya isa ma'aikaciyar lafiya ta aika rahotonta, ya isa manomin rani a Tomas ko Watari ya ji farashin Dawanau kafin dillali ya iso. Akwai kuɗin na'ura, akwai sola da batir, akwai mai gyara. Shi ya sa kiran da cibiyar CITAD ta Kano ta daɗe tana yi, na a ba al'umma damar kafa nasu ƙananan hanyoyin sadarwa, ya dace da wannan fasaha, domin ba ta buƙatar lasisin miliyoyin daloli.

Aikin farko ba shi da tsada. A ɗauki na'urar awo a mota, a bi hanyar Bichi zuwa Tsanyawa, a bi ta Minjibir da Gabasawa, a bi ta Ɗambatta zuwa Kunci, a auna da rani a sake aunawa da damina lokacin da dawa ta rufe ko'ina, a wallafa sakamakon kowa ya gani. Jami'ar Bayero tana da injiniyoyin da za su yi wannan, Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke Bichi da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta kuma wurare ne da za a iya kafa gwajin farko. NCC da NBC su zauna su fitar da rumbun bayanai guda da za a dogara da shi, asusun USPF da dokar 2003 ta kafa don kai sadarwa karkara ya ɗauki nauyin na'urorin. 'Yan majalisarmu na Kano ta Arewa kuma, idan sun zo mazaɓa, a tambaye su gurabe nawa ne ba kowa a kan garinsu, kuma me suka yi a kai.