Rage Tsayin Ƙaramar Mota Da Sauya Mata Wili: Ado Ne Mai Bukatar Lissafi

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina, ko ta Zariya zuwa Funtuwa, ba ya bukatar a kwatanta masa motar nan da ake kira Golf. Direbobin haya sun daɗe da mayar da ita abin neman abincinsu, kuma da yawa daga cikinsu kan kai ta gareji a ɗaga mata baya, domin ta ɗauki fasinja da buhunan hatsi ba tare da gindinta ya taɓa ƙasa ba. Amma a cikin birane akwai wasu masu motar, galibinsu samari sababbin ma'aikata da ɗaliban manyan makarantu, waɗanda bukatarsu ta saɓa da ta direbobin haya. Su so suke a sassauto da motar ta matso ƙasa, sa'an nan a cire mata wilin da ta zo da shi, watau ƙarfen nan da ake ɗaura taya a kansa, a sa mata na alminiyam mai faɗi da ƙyalli.

Ba laifi ba ne mutum ya ƙawata abin da ya saya da guminsa. Sai dai wannan aiki ya shafi ƙafafun mota da birkinta da sitiyarinta, waɗanda ran direba da na iyalinsa suka rataya a kansu. Saboda haka ya kamata mai niyyar yinsa ya san abin da zai samu da abin da zai rasa tun kafin ya fitar da albashinsa.

INDA AL'ADAR TA SAMO ASALI

Wannan al'ada baƙuwa ce. A shekarun 1940 samari 'yan asalin Meziko da ke zaune a birnin Los Angeles na Amurka suka shahara da sassauto da motocinsu, wasu ma ta hanyar loda buhunan yashi a bayan mota. Abin ya yawaita har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 wadda ta hana kowane sashe na mota ya sauko ƙasa da gindin wili, dokar da ba a ɗage ta ba sai a farkon 2024.

Ga ƙananan motoci kuwa, Jamus ce cibiyar abin. Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf ta farko a 1974, kana a 1976 ya fito da samfurinta mai gudu da ake kira GTI, wadda kamfanin da kansa ya ɗan rage mata tsayi, ya kuma sa mata taya mai faɗi. Masu Golf ta yau da kullum suka fara kwaikwayonta, kamfanoni irin su Eibach da H&R da Bilstein da BBS kuma suka yi suna wajen ƙera musu kayan yin haka. Tun daga 1982 masu sha'awar GTI suke taruwa a bakin tafkin Wörthersee na ƙasar Ostiriya domin baje kolin motocinsu, har zuwa 2023 lokacin da hukumar garin ta ce ba ta sake karɓar taron, aka mayar da shi Wolfsburg a 2024.

Abin lura shi ne, a Jamus ba a yin wannan aiki da ka. Kowane wili da kowane sifirin yana zuwa da takardar da ta bayyana motocin da ya dace da su, kuma sau da yawa sai masu duba lafiyar motoci sun gwada aikin sun sa hannu. Titunansu kuwa shimfiɗaɗɗu ne. Mai mota a Kano ko Kaduna ba shi da wannan kariya, sai dai saninsa da amanar makanikensa.

ABIN DA KE FARUWA IDAN AN SASSAUTO DA MOTA

Abubuwa biyu ke tsakanin jikin mota da tayarta. Na farko sifirin, wanda ke ɗauke da nauyin motar, shi ne kuma ke ƙayyade tsayinta. Na biyu shakazoba, wadda aikinta shi ne kwantar da tsallen sifirin bayan an taka rami ko tudu. Injiniyoyi sun auna su ne tare, watau ƙarfin wannan daidai da ƙarfin wancan.

Idan aka rage tsayin mota, cibiyar nauyinta takan sauko, saboda haka ba ta karkata sosai a kwana, sitiyari kuma yakan fi jin magana. Wannan ita ce ribar. Hasarar kuwa ita ce, tazarar da taya take da ita ta yin sama idan ta taka tudu ta ragu. Domin kada motar ta riƙa buga gindi, dole sabon sifirin ya fi na asali tauri, kuma wannan taurin ne fasinja zai riƙa ji a ƙugunsa a kan gargada. Daɗin daɗawa, kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin da salansa sun ƙara kusantar ƙasa. Tudun rage gudu guda ɗaya irin wanda jama'ar unguwa ke ginawa da kansu ya isa ya fasa kaskon, kuma injin da baƙin mansa ya tsiyaye ba ya daɗewa yake bugawa.

Hanyoyin yin aikin uku ne. Mafi sauƙi ita ce sayen gajeren sifirin da aka ƙera musamman domin irin motar, wanda galibi kan rage milimita 30 zuwa 40. Ta biyu ita ce sa shakazoba mai zare a jikinta, wadda ta zo da sifirinta, ana murɗa ta a ɗaga mota ko a sauke ta gwargwadon bukata. Ta uku, wadda ta fi tsada, ita ce jakar iska da ake hurawa ko a sace ta daga cikin mota.

Akwai kuma hanya ta huɗu da ake bi saboda araha, watau a yanke sifirin na asali, ko a gasa shi da wutar walda har ya lotsa. Wannan ganganci ne. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yana iya karyewa ana cikin gudu. Wanda aka yanke kuwa ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma idan mota ta yi tsalle yana iya zamewa ya fita. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Ko da an bi hanyar da ta dace, aiki bai ƙare ba. Tsohuwar shakazoba da ta gaji ba za ta iya da sifirin mai tauri ba, gara a sauya su tare. Lalle ne kuma a kai motar a daidaita mata ƙafafu, abin da kanikawa ke kira alaimen, domin saukowar takan sa kan taya ya karkata ciki, cikin 'yan watanni gefe ɗaya ya cinye. A sake saita fitilun gaba. Har ila yau, wasu samfuran Golf 2 da Golf 3 suna da wata 'yar na'ura a ƙafar baya mai ƙara wa birkin baya ƙarfi idan an yi lodi. Ita da saukowar bayan mota take gane lodi, saboda haka idan an sassauto da motar sai ta ɗauka kullum a cike take. In ba a sake saita ta ba, tayoyin baya na iya kullewa kafin na gaba, motar ta juya da direba a tsakiyar titi.

AWO HUƊU KAFIN A SAYI WILI

A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, wili iri-iri ne jibge, kuma mai saye yakan duba kyau ne kawai da yawan ramuka. Alhali kuwa awo huɗu ne ya kamata ya sani.

Na farko shi ne ramukan noti da tazararsu. Yawancin Golf 3 suna da abin da ake rubutawa 4x100, watau ramuka 4 a kan da'irar da faɗinta milimita 100 ne. Amma mai injin VR6 tana da 5x100, haka ma Golf 4, yayin da Golf 5 take da 5x112. Peugeot 206 da 406 kuwa 4x108 gare su. Ke nan wili biyu na iya zama masu rami hurhuɗu, amma ɗaya bai shiga motar ɗaya ba. Wanda aka tilasta shi ya shiga yana lanƙwasa noti, kuma notin da aka lanƙwasa wata rana karyewa zai yi.

Na biyu shi ne ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafar mota. Na Golf milimita 57.1 ne. Tsofaffin Toyota Corolla da Honda Civic su ma 4x100 ne, amma ramin tsakiyar na farko 54.1 ne, na biyu kuma 56.1, saboda haka wilinsu ba ya shiga Golf. Wilin kasuwa kuwa galibi ana yi masa rami mai faɗi domin ya shiga motoci da yawa, kana a cike gibin da wani ɗan zobe. Idan aka bar zoben, wili ba ya zama a tsakiya sosai, sai sitiyari ya kama rawa da zarar an ɗauki gudu.

Na uku shi ne faɗin wili da zurfinsa. A bayan kowane wili na kirki akwai rubutu kamar 6Jx14 ET45. Ma'anarsa faɗi inci 6, girma inci 14, ET kuwa gajarta ce ta wata kalmar Jamusanci da ke nuna nisan fuskar da ke manne wa ƙafar mota daga tsakiyar wili, a nan milimita 45. Duk lokacin da lambar ET ta ragu, wili yakan ƙara fitowa waje. Ga misali: mai Golf 3 da ya cire 6J ET45 ya sa 7J ET35 ya ƙara faɗin inci 1, watau milimita 25.4, rabinsa ciki rabinsa waje. Ragin ET ya tura wilin waje da milimita 10. Ke nan bakinsa na waje ya fito da kusan milimita 23, na ciki kuma ya matsa wajen shakazoba da kusan milimita 3. A motar da ba a taɓa tsayinta ba wannan na iya wucewa lafiya, amma a wadda aka sassauto, taya na iya gugar bakin bodi idan an yi lodi ko an murɗa sitiyari gaba ɗaya. Wilin da ya fito waje da yawa kuma yana gajiyar da boris kafin lokacinsa.

Na huɗu shi ne girman taya gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce, idan wili ya ƙaru, sai kaurin gefen taya ya ragu, domin tsayin ƙafar ya tsaya yadda yake. Taya mai lamba 185/60 R14 faɗinta milimita 185 ne, kaurin gefenta kashi 60 cikin 100 na faɗin, watau milimita 111, tsayinta duka kuwa kimanin milimita 578. Mai lamba 195/50 R15 tsayinta 576 ne, saboda haka ta dace ƙwarai. Amma 205/40 R17 ta kai 596, ƙarin fiye da kashi 3 cikin 100. Maleji zai nuna kilomita 100 alhali motar tana gudun 103, kuma kaurin gefen taya ya sauko zuwa milimita 82. Wannan kaurin shi ne matashin da ke tsakanin wili da bakin rami. Idan ya yi siriri, rami ɗaya na damina ya isa ya fasa taya ya lotsa wili.

NOTI DA TAYA

Ƙaramin abu da ake yawan mantawa da shi shi ne noti. Wuyan notin Volkswagen na asali kewayayye ne kamar rabin ƙwallo, alhali yawancin wilin kasuwa raminsu mai gangare ne kamar mazurari. Idan aka haɗa wannan da wancan, noti ba ya kama wili sai a ɗan wuri kaɗan, yana kuma kwancewa a hankali. Tsawonsa ma abin dubawa ne, domin wilin alminiyam ya fi na ƙarfe kauri, kuma ana son noti ya yi zagaye 6 da rabi aƙalla kafin ya ɗaure. A Golf 3 mai noti 4, ɗaurin da kamfani ya ƙayyade shi ne Nm 110, wanda ake aunawa da sifana mai ma'auni. Hawan da yaron mai faci ke yi a kan sifana da ƙafa ba awo ba ne. Bayan tafiyar kilomita 50 a sake duba su.

Wajen sayen wili na hannu, a duba bayansa ko akwai tsagewa ko alamar walda, a kuma sa a juya shi a injin balansin a ga ko ya karkace. Wili na kirki yana ɗauke da hatimin gwaji, kamar JWL na Japan ko lambar KBA ta Jamus, ko da yake masu jabu ma suna buga su, saboda haka farashin da ya yi sauƙi fiye da kima abin zargi ne.

Ita ma taya tana da nata rubutun. Lambar 82 da ke biye da girmanta tana nufin tana ɗaukar kilo 475, kuma bai kamata sabuwar ta gaza wadda kamfani ya ƙayyade ba. Lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen jama'a a kan tsofaffin tayoyi, kuma gajerun tayoyin ado da ake samu da araha galibi na hannu ne.

DAIDAI RUWA DAIDAI TSAKI

Mai ƙaramar mota da ya ƙudura yin wannan aiki ya fara da auna hanyar da yake bi kullum: gangaren ƙofar gidansa, da tuddan unguwarsu, da hanyar ƙauyensu ranar salla idan an cika motar da iyali da kaya. In hanyar ta yarda, ragin milimita 30 da sifirin na kirki da sabuwar shakazoba, tare da wili mai inci 15, zai ba shi yawancin kyan da yake nema ba tare da motar ta zama masa ƙarfen ƙafa ba. Ya kuma ajiye kayan asali a gida, domin ranar da zai sayar da motar, mai saye zai fi son ganin ta kamar yadda ta fito daga kamfani. In kuwa kuɗin da ke hannunsa bai isa yin aikin yadda ya kamata ba, to, sababbin tayoyi huɗu da birki mai kamawa sun fi masa kowane irin ado.